Injin Walda Bayan Ranar Rabo: Garanti, Gyara da Kayan Canji

Masu bibiyar rahotannin wannan gidauniya sun san cewa injin walda yana cikin kayan sana'ar da muke rabawa daga dukiyar zakka, tare da keken ɗinki da injin niƙa da makamantansu. Wasu daga cikinku, musamman mambobin kwamitocin masallatai da ke tantance mana masu karɓa, sun tambaye mu dalilin da ya sa muke sayen inji a wurin dila mai tsada alhali ga irinsa a kasuwa da rangwame, da kuma dalilin da ya sa ake ware wani kuɗi da sunan gyara maimakon a ƙara yawan masu amfana. Tambayar tana kan hanya. Dukiyar amana ce, kuma duk nairar da ba ta shiga hannun mabuƙaci kai tsaye ba tana buƙatar bayani a gaban waɗanda suka bayar da ita.

Abin da ya sauya mana tunani wata ziyara ce. Kwamitin wani masallaci ya je duba wani saurayi da aka ba inji, wanda ya yi shekaru yana koyon walda a ƙarƙashin maigidansa har aka yaye shi. Suka tarar da rumfarsa a rufe. Injin yana ɗakin mahaifiyarsa an lulluɓe shi da buhu, shi kuwa ya koma shagon maigidan nasa yana aikin yini. Ashe injin ya mutu tun a watannin farko. Da limamin ya tambaye shi abin da ya hana shi faɗa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, abin da aka ba mutum kyauta, da wane baki zai koma ya ce ya lalace?" Ya kai shi wurin mai gyaran rediyo a unguwa, an buɗe, an canja wani abu a ciki, ya yi kwana biyu ya sake ƙonewa. Rasit ɗin kuwa yana cikin fayil a ofishinmu. Da muka ɗauko shi muka je wurin wanda ya sayar mana, wa'adin garanti ya riga ya wuce, kuma ko da bai wuce ba, an ɓalle hatimin da ke jikin injin.

Babu wanda ya ci amana a wannan labari. Giɓin yana cikin tsarinmu ne: mun ɗauka aiki ya ƙare ranar da aka ɗauki hoto aka miƙa kwali.

Abin da garanti ya ƙunsa

Garanti alkawari ne daga mai ƙera inji, ko wakilinsa, cewa idan aibin ƙira ya bayyana cikin wani wa'adi, zai gyara ko ya canja ba tare da mai saye ya biya ba. A injinan walda wa'adin yakan kama daga 'yan watanni a ƙananan injina zuwa shekara uku a wasu injinan manyan kamfanoni. Kalmar da ya kamata a riƙe a nan ita ce aibin ƙira. Injin da ya faɗo daga kan babur, ko ruwan sama ya doke shi, ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona shi, ba ya shiga alkawarin. Haka nan kayan da aiki ke cinyewa: mariƙin sandar walda, da maƙalin da ake damƙe ƙarfe da shi, da kebul, da gilashin kare ido. Waɗannan a wuyan mai sana'a suke tun daga ranar farko, kuma gara ya ji haka daga bakinmu kafin ya ji daga bakin mai shago.

Abu uku ne ke riƙe da garanti, idan ɗaya ya faɗi sauran ba su da amfani: rasit mai kwanan wata, da lambar injin da ke buge a jikinsa, da hatimin da ke nuna ba a buɗe shi ba. Rasit ɗin da aka rubuta "injin walda guda goma" kawai, babu lambar kowane ɗaya, takarda ce da mai sayarwa zai iya musantawa cikin sauƙi, domin babu abin da ya ɗaure ta da injin da aka dawo masa da shi.

Akwai kuma wani ɓangaren da ya shafi masu rabo irinmu fiye da kowa. Wa'adin garanti yana fara ƙirguwa ne daga ranar saye. Idan aka sayi injina aka jibge a sito ana jiran watan azumi, ko ana jiran babban baƙo ya sami sarari, kwanakin alkawarin suna tafiya injin yana cikin kwali. Wanda aka ba garantin wata shida, ya yi wata huɗu a sito, saura masa wata biyu. Saboda haka yanzu ba ma saye sai an kammala tantancewa an sa ranar rabo, ko kuma mu sa dila ya rubuta cewa lissafi zai fara daga ranar miƙawa.

Wani ɗan'uwa mazaunin waje yakan so ya aiko da inji mai suna daga Amurka ko Turai, da kyakkyawar niyya. Kamfanoni irin su Lincoln Electric na Amurka, wanda aka kafa a 1895, da ESAB da aka kafa a Suwidin a 1904, sun daɗe a wannan fage kuma an san ingancin kayansu. Sai dai garantin manyan kamfanoni yakan bi ta hannun wakilin da suka amince da shi a yankin da aka sayar da injin, kuma wasu ƙananan injinan da aka ƙera don gidajen Amurka suna aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 120, mu kuwa tamu 230 ce. Kafin a biya kuɗin jirgi, a tuntuɓe mu tukuna. Sau da yawa kuɗin dakon kaɗai zai sayi inji a nan, wanda mai gyaransa yana cikin gari.

Injin naɗi da injin inbata

Masu walda a garuruwanmu suna aiki da inji iri biyu. Na farko shi ne tsohon tiransifoma, wanda ake naɗawa a gida, kamar yadda ake yi a Panteka ta Kaduna da unguwannin masu ƙira a Kano. Ba komai a cikinsa sai ƙarfe da waya. Yana da nauyi, yana shan wuta har fitilun maƙwabta su dushe, kuma wasu ana barin wayoyinsu a fili cikin firam na katako, abin da ke da haɗari a rumfar da yara ke shiga. Amma idan ya ƙone, duk mai naɗin koyil zai iya tayar da shi. Ba ya zuwa da takarda. Garantinsa shi ne an san shagon wanda ya naɗa shi, kuma yana jin kunyar a dawo masa da aiki. Abin lura a wurin sayensa shi ne wayar da aka yi naɗin da ita, jan ƙarfe ce ko alminiyam, domin farashinsu da juriyarsu ba ɗaya ba ne.

Na biyu shi ne inbata, ɗan ƙaramin injin da mutum ke rataya a kafaɗa ya hau da shi saman gini. Ba ya shan wuta kamar na naɗi, kuma waldarsa ta fi laushi a hannun sabon shiga. Cikinsa allon lantarki ne, wanda masu gyara ke kira fanel, da fanka mai sanyaya shi, da wasu ƙananan sassa masu kunna wuta da kashe ta sau dubbai a daƙiƙa guda, waɗanda aka fi sani da IGBT. Su ne zuciyar injin, kuma su ne suka fi ƙonewa. Matasa sun fi son inbata, mu ma shi muka fi rabawa, don haka a kansa ne maganar garanti da kayan canji ta fi nauyi.

Abubuwan da ke kashe inbata a wurinmu sanannu ne. Na farko janareta. Sandar walda mai kaurin milimita 3.2, wadda masu sana'a ke kira geji 10, tana buƙatar amfiya 90 zuwa 130, kuma inji mai ba da wannan yana jan abin da ya fi ƙarfin ƙaramin janaretan gida mai kVA 2.5. Duk lokacin da aka ɗora sanda aka ɗaga, janareta yana nishi yana saki, wutar tana hawa tana sauka, kuma wannan hawan ne ke fasa sassan fanel. Akwai injinan da aka ƙera su jure wa janareta, kuma ana rubuta hakan a littafinsu. Ko da su, ƙa'ida ita ce a tayar da janareta ya daidaita kafin a kunna inji, a kuma kashe inji kafin a kashe janareta. Dila da yawa suna cire lalacewar janareta daga garanti, alhali mafi yawan masu karɓarmu da janareta za su yi aiki. Wannan shi ne sharaɗin da muka fi tsayawa a kansa wurin ciniki.

Na biyu ƙura. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta toshe fanka, amma wadda ta fi ta ɓarna ita ce garin ƙarfen da ke tashi idan ana gurza ƙarfe kusa da inji. Fanka tana zuƙo shi ciki, ya kwanta a kan fanel, kuma shi garin ƙarfe wuta tana bi ta cikinsa. Nisanta inji daga wurin gurza, da ɗora shi a kan benci maimakon ƙasa, ba sa cin ko kwabo.

Na uku zafi. A jikin kowane inji na kirki akwai farantin bayani, kuma a kansa akwai harafin X da wasu kaso cikin ɗari. Wannan shi ne ma'aunin juriyarsa, ana auna shi a kan minti 10. Idan an rubuta kashi 60 a amfiya kaza, ma'anarsa injin zai yi minti 6 yana walda a wannan ƙarfin, ya huta minti 4. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa tana auna wannan ne a zafin digiri 40, wanda rumfar kwano a Sakkwato ko Maiduguri takan zarce a watan Afrilu. Idan fitilar zafi ta kama, injin ya tsaya da kansa, sai a bar shi a kunne fanka ta sanyaya shi. Wasu sukan kashe su sake kunnawa don su ci gaba da aiki, wasu ma sukan sa a cire na'urar da ke tsayar da shi, kuma duka biyun suna gajarta ransa.

Muna so kwamitoci su san wani abu game da lambobin da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Akwai ƙananan injinan da ake buga wa 300 ko 400, alhali abin da suke fitarwa bai kusanci haka ba. Ba a gane wannan da ido. Mukan tafi da gogaggen mai walda da mai gyaran lantarki, a ɗora sanda a gabanmu, a auna wutar da ke bin kebul da mita. A nan ne kuma ake kankare bakin kebul a ga ko jan ƙarfe ne har ciki, ko alminiyam ne aka yi wa rufi.

Kayan canji

Garanti yana ƙarewa, inji kuwa ana fatan ya yi shekaru. Abin da zai raya shi bayan wa'adin shi ne samuwar kayan canji a kusa. Mariƙi da maƙali da kebul ana samunsu a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano da duk wata babbar kasuwar kayan ƙarfe, kuma na wannan inji yakan shiga wancan. Matsalar tana cikin fanel. Masana'anta ɗaya takan ƙera inji a sa masa sunaye daban-daban, sannan suna ɗaya yakan canja fanel daga wannan zubi zuwa wancan. Don haka sunan da ke jikin kwali ba ya isa wurin neman kaya. Lambar da ke kan fanel ɗin ita ake bi. Dilan da ya shigo da kwantena guda ya sayar ya koma wani kasuwancin, ya bar injina marayu a hannun mutane.

Ko an sami kayan, sai an sami hannun da ya iya. Idan IGBT ya ƙone, yakan tafi da ƙananan sassan da ke tuƙa shi. Mai gyaran da ya canja wanda ya fashe kaɗai bai duba na bayansa ba, sabon zai sake fashewa a sandar farko ko ta biyu, kamar yadda ya faru da saurayin nan. Ana kuma canja su ne tare da 'yan'uwansu masu lamba ɗaya, ba a gauraya. Ga jabu a kasuwa, tsofaffi da aka goge aka sake buga wa lamba. Shi ya sa tambayar farko da muke yi wa dila ba ta farashi ba ce. Mukan ce ya nuna mana teburin gyaransa da mai gyaransa, ya fito da fanel da fanka na irin injin da yake son sayar mana, mu gani a hannu. Wanda ya ce sai an aika Legas, mukan tambaye shi kwana nawa, wa zai biya mota, kuma ya rubuta amsar.

Kwanakin nan suna da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mai walda yakan karɓi kafin alƙalami ya sayi ƙarfe, ya yi alkawarin ƙofa ko taga zuwa Juma'a. Idan injinsa ya yi mako uku a wurin dila, mai aiki zai ɗauke ƙarfensa ya kai gaba, kuma sabon mai sana'a ba shi da sunan da zai jure wa irin wannan. Wannan matsin ne ke tura shi wurin mai gyaran unguwa ya ɓalle hatimi, ko da ya san garanti zai faɗi. Faɗa masa kada ya buɗe ba ya wadatarwa idan ba a ba shi abin da zai yi aiki da shi ba.

A nan ne wakafi ya shigo. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta wakafin abin da ake iya ɗauka, kamar littafi da dabba da kayan aiki. Don haka muna ƙarfafa a sami inji ɗaya na wakafi a hannun kwamitin da ke da masu walda a yankinsa, wanda ba a mallaka wa kowa, ana ba da aronsa ga wanda nasa ke wurin gyara, ya dawo da shi ranar da ya karɓo nasa. Malaman fiƙihu sun kuma gabatar da gyaran abin wakafi a kan rabon amfaninsa, domin idan asali ya lalace amfani ya yanke. Daga kuɗin wakafi da sadakar ganin dama ake cire abin da kuke gani a lissafi da sunan gyara. Ba a taɓa zakka a wannan, domin ita haƙƙin masu ita ce, ba a riƙe ta ana jiran inji ya lalace.

Sunan wa za a rubuta

Zakka mallakawa ce. Imamun Nawawi ya bayyana a littafinsa Al-Majmu'u cewa mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan sana'arsa da shi, kuma da zarar inji ya shiga hannun mai karɓa ya zama nasa, da duk haƙƙin da ke biye da shi. Garanti yana cikin wannan haƙƙi. Idan rasit yana ɗauke da sunan gidauniya kaɗai, mai injin zai je shago a ce ba a san shi ba. Yanzu kowane inji yana fita da takardarsa, mai ɗauke da lambarsa da sunan mai shi da ranar da garanti zai ƙare. Asali yana hannunsa, kwafi yana wurin kwamiti, wani yana ofis. Ana karanta masa sharuɗɗan da Hausa a gaban shaidu, domin littafin da ke cikin kwali da Turanci yake, wani lokaci ma har da Sinanci.

Wasu rasitai suna zuwa da rubutu a ƙasa cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya sami tsohon aibin da ba a bayyana masa ba, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta jera ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki. A ɓangaren hukuma, dokar tarayya ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC ta ba mai saye damar neman gyara ko canji ko mayar da kuɗi a kan kaya mai aibi. Sai dai an gina dokar ne musamman don mai sayen kaya domin amfanin kansa, kuma mai sayarwa yana iya yin jayayya a kan injin da aka saya don sana'a. Ba ma son mu kai ga nan. Rubutacciyar yarjejeniya kafin a biya kuɗi ta fi sauƙi ga kowa, kuma dilolin kirki ba sa gudunta. Wasunsu ma sukan ƙara wa'adi idan sun ji dukiyar zakka ce.

Ba mu ce inji mafi tsada shi ne mafi alheri ba. Akwai ƙauyen da ya yi nisa da kowane dila, ga mai naɗin koyil a kasuwar mako, ga wutar layi tana samuwa gwargwado. A irin wannan wuri injin naɗi mai jan ƙarfe, wanda aka rufe jikinsa da kyau, yakan fi wa mai karɓa amfani a kan inbata mai garantin da ba zai iya zuwa ya karɓa ba. Kwamitin yankin ne ya san wannan, ba mu da ke ofis ba, kuma shi ya sa takardar tantancewa take tambayar irin wutar da mutum zai yi aiki da ita da nisansa da mai gyara.

Abin da ya rage shi ne kunya, wadda takarda ba ta maganinta. Wanda aka ba kyauta a bainar jama'a yana ganin kawo ƙorafi butulci ne, kuma yana tsoron a ce shi ya lalata. Muna roƙon kowane kwamiti ya wakilta mutum ɗaya, wanda masu karɓa ke sakin jiki da shi, ya leƙa rumfar a cikin makonni biyun farko, domin aibin ƙira yakan nuna kansa da wuri, sannan ya sake komawa saura wata guda garanti ya ƙare. Kada ya tsaya a gaisuwa, domin amsar "Yaya aiki?" kullum "Alhamdu lillahi" ce. Ya ce a kunna injin, a ɗora sanda a gabansa, ya saurari fanka, ya dubi fitilar zafi, ya tambayi ina takardar take. Idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ya sanar da ofis a ranar, mu kuma za mu kira dila.